Walda nake a Katako, an ce sai na kawo NIF: in yi ko in bari?

Salamu alaikum ƴan uwa. Shekara 9 ina walda kusa da kasuwar Katako, nan Yamai, da yara 4 a hannuna. Wata ƙungiya ta ga aikina, tana son in yi mata teburan makaranta, amma sai na kawo NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji, da takardar kuɗi mai hatimi. Ni abin da na sani shi ne tikitin ƴan magajin gari. Tsorona kar in kai kaina DGI, hukumar haraji, su riƙa auna ni da manyan kamfanoni. Kuma an ce sai na rubuta yaran a CNSS, asusun kula da ma'aikata. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 ƙarfe ya yi tsada. In nauyi ya ƙaru sai na sallami 2, ɗayansu kuwa maraya ne. Wannan ke hana ni barci.

Wani tela daga Wadata:
Ɗan uwa, zauna inda kake. Da zarar sunanka ya shiga kwamfutarsu, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, kowace shekara suna ƙofarka. Aiki ɗaya ne fa, lanho kuwa ba ya ƙarewa.

Wani mai riƙe wa ƴan kasuwa lissafi:
Malam, ba a jefa kowa kwando ɗaya. TVA, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, ta kashi 19 da harajin riba na kashi 30 na waɗanda ke kan cikakken lissafi ne. Ƙaramin mai sana'a akwai nasa tsari, haraji dunƙule, gwargwadon cinikinsa na shekara, kuma ba ya ɗora TVA kan takardarsa. Inda za ka ji jiki shi ne albashi. Mafi ƙanƙanta yanzu jika 42 ne a wata, da can CFA 30,047, ga kason CNSS bisa kanka. Abin da ke sa masu gareji da yawa barin kowa da sunan ɗan koyo ke nan, har mai mata da ƴaƴa. Ka je Maison de l'Entreprise, inda ake rajistar kamfanoni da sana'o'i, ka tambaya, ka kuma tambayi ƙungiyar wane irin NIF take karɓa kafin ka kashe ko dala.

Wata hajiya mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa:
Ɗana, kar ka yarda wani ya ara maka NIF ɗinsa. Na yi haka, kuɗin ya faɗa asusunsa, ya yanki rabonsa, na yi wata 3 ina sintiri. Kuma ka tuna yaran nan. Ranar da injin yankan ƙarfe ya ci yatsan wani, aljihunka kaɗai zai kai shi likita.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Hajiya, maganarki ta taɓa ni, don bara tartsatsi ya shiga idon babbansu, ni na biya komai. Malam mai lissafi, in na fara rubuta shi kaɗai, sauran 3 su tsaya ƴan koyo tukuna, doka ta yarda?