Prune, trim, pare, whittle: ina bambancinsu?

Ɗalibar SS3:
Assalamu alaikum malamai. Ƙamus ɗina ya fassara prune, trim, pare da whittle duk da "ragewa". Shin kowacce na ɗauka daidai ne? Kuma me ya raba cut back da cut down?

Malamin Turanci:
Wa alaikumus salam. A'a, ba ɗaya ba ne. Kowacce daga aikin hannu ta fito, kuma Hausa na da sunan aikin. Riƙe hoton aikin, ma'anar aro za ta biyo baya.

Prune datse rassan bishiya ne, kamar yadda mai lambu yake cire busassun rassan mangwaro ko gwaiba don ta ƙara 'ya'ya. Ana cire marar amfani ne domin saura ya yi ƙarfi. Shi ya sa ake cewa prune the essay, wato a cire jimlolin da suke cika takarda kawai.

Trim kuwa saisaye ne. Kaɗan ake taɓawa daga baki-baki don abu ya daidaita: gemu, farce, gefen yadi, kitsen jikin nama. Wanda ya ce wa mai aski "just a trim" ba ƙwal-kwabo ya nema ba. Trim the budget ɗan ragi ne. In an zaftare rabin kasafi, slash jaridu ke rubutawa.

Pare ita ce fere, yadda ake fere dankali da ƙaramar wuƙa, siririn ɓawo kawai ke fita. Pare down na nufin a yi ta ragewa har sai abin da ba makawa ne ya saura. Whittle feƙewa ce, kamar feƙe fensir da reza, kuma abin da ke cikinta shi ne sannu-sannu: masu neman aiki 200, a tace su koma 50, sannan 10. They whittled the list down to 10.

Mai Fassara:
Malam ya gama da waɗancan. Ƙanwata, inda aka fi zamewa shi ne 'yan ƙananan kalmomin da ke bin cut. Cut back on da cut down on kusan abu ɗaya ne, ragewa ba dainawa ba, sai dai cut back on ta fi tafiya da kashe kuɗi, irin tsuke bakin aljihu, cut down on kuma da ci da sha. Kada ki yar da "on" ɗin. Cut down on sugar rage shan sukari ne, cut out sugar daina shi ne gaba ɗaya, cut down the tree kuma sare bishiyar ne daga tushe. Cut off yankewa ce tsaf, kamar a yanke wa gida wuta.

Sai by da to bayan reduce. Kaya na naira 50,000, in aka ce reduced by 10,000, kuɗinsa ya koma 40,000. In aka ce reduced to 10,000, dubu goma ne kuɗin yanzu. Kalma mai harafi biyu, asarar dubu talatin. Kuma kada ki rubuta "reduce down", reduce ta riga ta ɗauke ma'anar.

Mai Duba Jarrabawa:
Rubutun ma yana cin maki. Trim tana ninka m: trimmed, trimming. Prune da pare suna zubar da e: pruning, paring. Cut ba ta canjawa a shuɗaɗɗen lokaci, babu "cutted". Pare, pair da pear furucinsu ɗaya, jimla ce kawai ke nuna wacce ake nufi.

Ki ƙara biyu. Curtail ta rubutun hukuma ce, tana tafiya da abin da ba a taɓawa da hannu, kamar 'yanci, iko ko zirga-zirga. Ba a curtail ɗin gemu. Taper off kuma raguwa ce mataki-mataki har a kai ƙarshe. Likita kan faɗe ta a kan magani irin prednisolone, wanda in an daɗe ana sha ba a tsayar da shi lokaci guda, saboda jiki ya riga ya rage samar da nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, sai an ba shi lokaci ya farfaɗo.

A littafinki kada ki rubuta kalma ita kaɗai. Rubuta ta da abokiyar tafiyarta, prune a tree, trim a beard, curtail spending, sannan ki yi jimla biyu: ɗaya ta aikin hannu, ɗaya ta aro.