Neman gudummawa bara ce ko ba bara ba ce?

Issoufou: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni dai maganar da anka yi jiya a shago ban yarda da ita ba, wai mu sa lambar Airtel Money mu ce jama'a su taimaka da kuɗin haɗa na'urarmu. Wanga bara ce. Na'urarmu tana kashe pampon sola in ruwan rijiya ya ja tun kafin moto ya ƙone, zanenta da jerin kayanta duk mun zuba a intanet kyauta, wanda ya ga amfani ya zo da ƙafarshi.

Hadiza: Wa alaikum salam. Yaya Issoufou, mutum ya zo ta yaya alhali bai san da ita ba? Satin da ya wuce ina Galmi wajen kawuna, na tarar da pamponshi a ƙarƙashin rumfa an kwance shi, wayar ciki ta yi baƙi ƙirin tana warin ƙuna, albasa kuma tana jiran ruwa, na nuna mashi hoton abin da munka haɗa ya riƙe salular ya daɗe yana kallo ya ce ɗiyata mi ya sa ba ku faɗa ba tun bara. Wallahi ban samu abin cewa ba. Bayaninmu duk da Faransanci yake, shi kuma rediyo yake ji da saƙon murya.

Moussa: Kuma ku tuna guda shidan da munka haɗa daga aljihuna da na Malam kuɗin ya fito, Arduino (ƙaramin allon kwamfuta da ke sarrafa na'urar), rele (makunnin da ke kashe pampon), waya, dalma, har kuɗin motar da ta kawo kayan daga Yamai. Ba ƙorafi nike ba amma ta bakwai ba ni da halin ta.

Issoufou: Hadiza maganar sanarwa na yarda. Kuɗin ne ban yarda ba.

Malam Abdou: Issoufou ɗana, bara ita ce ka roƙa don cikinka. Arduino ɗin da muke aiki da shi a garin Ivrea na Italiya anka fara shi a 2005, sun buɗe zanen ga kowa amma suna sai da allon, da haka aikin ya tsaya da ƙafarshi. Nan kusa da mu a Lome, 'yan wata cibiyar ƙere-ƙere mai suna WoeLab sun haɗa injin buga abubuwa na 3D da tarkacen tsoffin kwamfutoci a 2013, W.Afate sunanshi, kuma gudummawar jama'a sunka nema ta Ulule, shafin tara gudummawa a intanet, babu wanda ya kira su mabarata. Wikipedia ma kowace shekara sai ta nemi taimakon masu karanta ta.

Issoufou: Malam Allah ya ƙara girma, amma waɗancan masu ba su suna da katin banki, namu mai lambu ne da sai ya sai da albasa yake ganin kuɗi. Kuma ni abin da nike tsoro daban ne, na taɓa zama cikin wata ƙungiya muna zaman lafiya ranar da kuɗi ya shigo sai zargi, wane ya ci wane ya ɓoye, yau ko gaisawa wasu ba su yi. Sannan gobe wani a kasuwar Katako ta Yamai ya kwafi zanen ya riƙa sayarwa, wanda ya ba mu jikka biyu ya ce to shi ya biya wani na cin riba?

Malam Abdou: In ya kwafa ya sayar ai pampon wani ne ya tsira. Mu sa mata lasin CERN-OHL-S, sharaɗinshi duk wanda ya gyara zanen ya sai da kayan dole ya buɗe gyaran nashi shi ma. Maganar zargi kuwa gaskiyarka, ita ce mai nauyi.

Hadiza: To a yi kamar yadda iyayenmu mata ke adashe, komi a gaban kowa. Littafi guda, abin da ya shigo da abin da ya fita, ƙarshen wata a ɗau hoton shafin da rasit a tura ma duk wanda ya bada ko dala ce. Kuma kar mu ce a taimaka haka kawai, mu ce kuɗi kaza na haɗa na'ura guda ga lambu kaza, in an ɗaura a turo mashi hoto ruwa na zuba. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tsohuwar caja ko waya ko akwatin roba, wani ma bakinshi kawai muke so ya yi bayani da Tamajeq ko Fulatanci a rediyon gari.

Moussa: Ran Lahadi mu kai ta kasuwar Tahoua da bokiti da ƙaramin panno na sola, a kwashe ruwan a gaban mutane su ga ta kashe pampon da kanta, gani ya kori ji.

Issoufou: Kasuwa zan zo, ni zan ɗauko pannon. In ma za mu sai da haɗaɗɗiyar na'urar a kan kuɗin kayanta, na yarda. Amma lamba kar a sa da sunana, kuma sai mutum biyu sun amince kafin a cire ko dala.

Hadiza: To da sunan wa? Malam?

Malam Abdou: Ku bari mu haɗu a shago bayan la'asar. Moussa ka zo da rasit ɗin shidan nan.