Komawa Wasa Bayan Raunin Kafaɗa

A wata tattaunawa da likitocin ƙashi da masu gashin ƙashi suka yi game da 'yan ƙwallon raga, masu ninkaya da masu jifan mashi, sun amince cewa gushewar ciwo kaɗai ba ta isa a ce ɗan wasa ya warke ba. Wajibi ne a auna ƙarfin tsokokin da ke juya hannu waje, domin su ne ke taka wa hannu birki bayan an yi jifa, kuma a tabbatar sun kai kusan kashi 90 cikin 100 na kafaɗar da ba ta ji rauni ba. Sun kuma jaddada cewa a fara jifa daga kusa, a riƙa ƙara nisa sannu a hankali, sannan a tambayi ɗan wasan ko har yanzu yana jin tsoron ɗaga hannu.