Neman kalma: me za mu kira ƙasar da aka danne har gyada ta kasa huda ta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da malaman gona ke kira soil compaction da Turanci, kuma har yau Hausarsa ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wani ya ce taurin ƙasa, wani ya ce matsewar ƙasa, wani kuma ya zuba Turancin yadda yake, manomi ya gyaɗa kai ya tafi bai ɗauki komai ba. Ina so mu tsayar da kalma guda, domin matsalar tana cin gyada da waken soya da riɗi a gonakinmu na ƙasar Zazzau, ana ta ɗora wa fari laifin shi kaɗai.

Ga abin da ake nufi. Ƙasar noma mai lafiya kusan rabinta ne kawai tsabar ƙasa, sauran rabin 'yan ƙofofi ne da ruwa da iska ke zama a ciki, ta nan kuma saiwa ke bi. Idan abu mai nauyi ya bi ta kai tana da danshi, tayar tarakta ko kofaton shanu, sai ƙofofin su rufe. Ruwan sama ya kasa nutsewa ya kwarare, saiwa ta kasa sauka ta kwanta a sama. Kalmar da muke nema ita ce sunan wannan hali. Bismilla.

Wani ɗalibin aikin gona daga Samaru:
Malam, mu dai taurin ƙasa muke cewa idan mun fita wurin manoma, kuma suna ganewa. Me zai hana a bar shi haka?

Mai tambaya:
Ƙanena, suna ganewa, amma wani abu daban suke ganewa. Je ka fadamar Galma a watan Maris ka ga laka ta yi tauri har ta dare, fartanya ba ta kama ta. Ruwan farko na sauka za ta saki. Wannan taurin bushewa ne, ba cuta ba ce. Abin da muke magana a kai ko an yi ruwa yana nan, domin ƙofofin ne suka mutu. Idan ka ce wa manomi ƙasarsa ta yi tauri, zai ce Allah ya kawo ruwa, ya zauna jira. Ni kuwa so nake kalmar ta sa ya tambayi kansa, me ya taka gonar nan?

Wani dattijo manomi daga Bomo:
Yaro, ai muna da sunanta tun kaka da kakanni. Fako ke nan, wasu su ce ƙeƙuwa, wasu tsandauri. Wurin da ko ciyawa ba ta son fitowa.

Mai tambaya:
Ranka ya daɗe Baba, gaskiya ne, kuma waɗannan kalmomi ba za mu yar da su ba. Sai dai fako sunan wurin da ya riga ya mutu ne, kowa na ganinsa da ido. Wadda ke damunmu gona ce da aka yi wa huɗa, kunya ta tashi kyakkyawa, shuka ta fito kore shar, alhali kamar taƙi ɗaya a ƙasa akwai wani shimfiɗaɗɗen tauri da bakin garma ko faifan haro ya goge shekara da shekaru a zurfi ɗaya. Ba wanda zai kalli wannan gona ya ce fako ce. Hanyar zama fakon ce take kai.

Wata malamar Hausa daga Tudun Wada:
Ina ganin danƙarewar ƙasa ta fi dacewa. An danƙara abu, ya danƙare, babu sauran fili a cikinsa. Matsewa kuwa ban so ta ba, don idan an ce ƙasa ta matse, wani zai ɗauka gonaki ne suka yi wa mutane kaɗan.

Mai tambaya:
Malama, kin kashe matsewa da hujja, na yarda. Danƙarewa kuma ta kusa ƙwarai. Abu biyu ne suka sa na yi jinkiri. A bakin mai gabatar da shiri a rediyo, danƙarewa da daskarewa ba su da nisa a kunne, mai sauraro zai iya jin kamar sanyi ake nufi. Sannan kalmar ba ta nuna hannun kowa. Abu na iya danƙarewa da kansa.

Ga tawa shawarar, ku auna ta: daɓuwar ƙasa. Ƙasa ta daɓu.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san yadda mata ke daɓe. Ba a daɓe busasshiyar ƙasa, sai an yayyafa mata ruwa ta yi laushi, sannan a bi ta da madaɓi ana bugu ana maimaitawa har ta haɗe, a shafe da makuba. Kuma me ake nema da daɓen? Kada ruwa ya shiga, kada wani abu ya tsiro. To wannan aikin ne tarakta ke yi wa gona idan ta shiga washegarin ruwa mai yawa. Danshi, nauyi, maimaitawa, duk ukun suna cikin kalmar tun kafin malamin gona ya buɗe baki. Ka ce wa manomi "gonarka ta daɓu", ya san an yi mata wani abu, ya san a jiƙe aka yi mata shi, ya kuma san abin da daɓe ke yi wa ruwa.

Wani mai tuƙa tarakta daga Soba:
Malam, kalmar ta zauna, amma kada a mai da mu masu laifi. Tarakta ɗaya ce, gonaki hamsin na jira, kowa na so a yi masa yau. Idan na ce ƙasa ta jiƙe da yawa a bari sai jibi, mai gona zai ce na raina shi ne.

Mai tambaya:
Wallahi haka ne, ɗan'uwa, kuma shi ya sa nake son kalmar ta shiga bakin mai gonar kansa. Ranar da ya san bi na farko da taya ta yi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa shi ne ke yin mafi yawan ɓarnar, shi zai ce maka ka dakata. Gwajin ba wuya: ya damƙi ƙasa daga zurfin da garma za ta kai, ya dunƙula. Idan ta marmashe, a shiga. Idan ta dunƙule tana sheƙi tana manne wa hannu, a haƙura.

Bari in faɗi abin da ya sa na ɗauko maganar a kan amfanin gona mai ba da mai, don a nan ne abin ya fi ciwo.

Gyada a sama take fure, kamar wata ɗaya bayan shuka, amma a ƙasa take 'ya'ya. Bayan furen ya ɗauki ciki sai wani siririn tsinke ya sauko ya huda ƙasa 'yan santimita kaɗan, a bakinsa kwanson ke kumbura. Idan saman ƙasa ya daɓu kuma ya bushe, tsinken zai taɓa ƙasa ya kasa shiga, ya ƙone a nan. Furen ya tafi a banza ke nan. Wanda ya samu ya shiga ma bai tsira ba, domin kwanson gyada da kansa yake tsotsar sinadarin kalsiyam daga ƙasar da ke kewaye da shi, kuma sai da danshi yake iya tsotsa. Shi ya sa za ka zuba takin supa, wanda ke ɗauke da kalsiyam, amma ka cire gyada ka tarar da holoƙo, kwanso ba ƙwaya. Ranar cira kuma rabin kwanson ya tsinke ya zauna a ƙasa, sai masu roro su amfana. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne, gyadar da ta sha ƙishirwa da zafi a makonnin ƙarshe ta fi saurin kamuwa da fumfunar da ke haifar da gubar aflatoksin, gubar da ke lalata hanta, kuma ita ce ke bin ƙuli-ƙuli da kunun gyada zuwa cikin 'ya'yanmu.

Waken soya kuwa 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa ne ke samar masa da sinadarin naitirojin daga iska, kuma ƙwayoyin halittar da ke ciki suna buƙatar iska a cikin ƙasa. Daɓaɓɓiyar ƙasa ba ta da iska idan ta jiƙe, ba ta da ruwa idan ta bushe. Riɗi irinsa ƙanƙane ne, ɓawon da ruwan sama ke yi wa saman ƙasa kaɗai ya isa ya hana shi fitowa, kuma ba ya jure kwanciyar ruwa ko kaɗan.

Ku lura da yadda matsalolin biyu, daɓuwar ƙasa da ƙarancin ruwa, ke kama wa juna. Zariya na samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba. Wannan ya ishi gyada har da ragi. Amma ruwan da bai nutse ba ba naka ba ne, na rafi ne. Saiwar da ta kwanta a sama kuma ba ta kai ga danshin da ke can ƙasa. Sai ruwa ya ɗauke na kwana goma, gonar maƙwabci tana tsaye, taka ta langaɓe. Kuma ƙasa na ƙara bushewa tana ƙara ƙarfi: masu bincike na auna shi da wani ƙarfe mai tsini, sun kuma nuna idan ƙarfin ya kai wajen megafaskal 2 a ma'aunin ƙarfin dannawa, saiwar yawancin amfanin gona ta fara gazawa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922, ta fitar da irin gyada masu saurin nuna, kamar SAMNUT 24 a 2011, kuma sun taimaka wajen tsere wa yankewar ruwa a ƙarshen damina. Amma ba irin da zai huda daɓe da tsinkensa.

Malamar Hausa:
Na janye tawa, daɓuwa ta fi. Sai dai a rarrabe. Daɓuwa ita ce aukuwar abin. Shi kuma shimfiɗaɗɗen taurin nan na ƙarƙashi da ka ambata wa Baba yana buƙatar nasa sunan. Ina ba da shawarar daɓen garma, tunda ita ta yi shi. Na sama kuwa ɓawon ƙasa ya wadatar. Kuma a daina cewa fari ga kowace langaɓewa. Fari na gari ne baki ɗaya. Abin da shuka ke ji a jikinta ƙishirwa ce, ko da kuwa an yi ruwa shekaranjiya.

Dattijo manomi:
Daɓen garma, wannan na san shi ko ban san sunansa ba. Idan na tuge waken soya na ga saiwa ta sauka ta lanƙwashe ta yi gefe, ashe shi ta tarar. To maganinsa fa?

Mai tambaya:
Allah ya ƙara girma Baba. Da farko ka tabbatar: bayan ruwa ya sauka sosai, ka ɗauki rodi ka danna a wurare da dama, ka gwada da bakin gona inda taya ba ta bi. Inda ya tsaya cak a zurfi ɗaya, daɓen ke nan. Ana fasa shi da garma mai dogon haƙori, amma sai ƙasa na da sauƙin danshi, in an yi a jiƙe ƙara shafe shi za a yi. Sannan kada a mai da shi: a riƙa sauya zurfin huɗa, tarakta ta riƙa bin sawu ɗaya maimakon yawo ko'ina, kada a saki shanu a jiƙaƙƙiyar gona. Takin gargajiya da barin karmami su ne ke dawo da tana da gara, su kuma su sake buɗe ƙofofin. A gonar tudu, datse kwarin kunya nan da can yana tsare ruwa har ya nutse, amma ban da gonar riɗi mai riƙe ruwa.

To mun tsaya a nan: daɓuwar ƙasa ga aukuwar, daɓen garma ga na ƙarƙashi, ɓawon ƙasa ga na sama, ƙishirwar shuka ga ƙarancin ruwa a jikinta. Ƙanena na Samaru, idan kun fita gona makon gobe ka gwada faɗa musu haka: "Kada a sa tarakta yau, ƙasa za ta daɓu, gyada ta yi ƙishirwa ko ana ruwa." Ka dawo mana da abin da suka ce.