Kwantenar farko: a fitar da ita a Legas ko a kawo ta Kakuri?

Nura Mai Famfo, Sabon Garin Zariya: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Da ma ta haɗaka nake shigo da kayana daga birnin Guanzu na ƙasar Sin, in biya kuɗin gurbi a kwantenar wani, in je Kano in karɓa. To bana Allah ya buɗa, ina son in cika kwantena mai ƙafa ashirin ni kaɗai, famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana da farantansu, su iso kafin manoman rani na bakin Galma su fara nema. Wasu sun ce in fitar da ita a tashar Apapa ta Legas in ɗora a tirela, wasu sun ce in sa a kawo ta tashar tsandauri ta Kaduna a yi kwastan a can. Wanne ya fi?

Alhaji Bala Mai Taya: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka, Nura. An yi lodi ko kayan suna hannun mai kamfani tukuna?

Nura Mai Famfo: Ba a yi ba, ranka ya daɗe. Kafin alƙalami kawai na bayar.

Alhaji Bala Mai Taya: To ka yi tambaya a kan gaɓa, domin tun a takarda ake yanke wannan magana, ba sai jirgi ya iso ba. Tashar tsandaurin Kaduna da ke Kakuri, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2018, gwamnati ta ba ta matsayin inda kaya ke iya tashi kuma inda suke iya sauka, daidai da tashar bakin teku. Ke nan kana da damar sa a rubuta Kaduna a matsayin zangon ƙarshe a takardar lodin jirgi da kuma Fom M, wato fom ɗin shigo da kaya da ake buɗewa a banki. In ka bari aka rubuta Apapa, daga baya ka ce ka canza shawara, za ka sha zirga-zirga da kashe kuɗin gyaran takarda. Amma ka fara tambayar kamfanin jirgin ko zai ba ka takarda mai zarcewa har Kaduna, don ba kowanne ke yarda ba. Wanda ya yarda, ka sa ya rubuta maka.

Malam Shehu Ejan: Gaskiya ne Alhaji. Nura, bari in cire maka wani zato da ke yawo a kasuwa: harajin kwastan ba ya raguwa don ka biya a Kaduna. Lambar kayanka ɗaya ce, kason da za a caje ka ɗaya ne ko a tashar Tinkan ta Legas ko a Kakuri. Abin da ke bambanta shi ne kwanaki da kuma idonka a kan kayanka.

Ka buɗe Fom M a bankinka kafin a yi lodi, kada ka yarda mai kamfani ya gaggauta ka. Kayan lantarki ne, saboda haka sai da shedar ingancin kaya ta SONCAP, kuma tun daga can ake gwajin. In takardun jirgi sun iso banki, sai kwastan su fitar da takardar tantance kaya ta PAAR, wadda a kanta ake lissafin haraji. Kwantenar za ta bar Legas a kan bon, wato ƙarƙashin lamunin kwastan kafin a biya haraji, da hatiminta a ƙofa, ba mai buɗewa sai a Kakuri. Ranar da za a yanke hatimin kana tsaye, ka taso daga Zariya da safe, kusan kilomita 80 ne. Ka duba lambar hatimin da ta takarda kafin kowa ya taɓa. In aka ce an ga abin da bai dace da takarda ba, kana wurin, za ka buɗe kwali ka nuna. A Legas kuwa sai dai a kira ka a waya a ce ka turo.

Alhaji Garba, Tudun Wada: Ni fa ban bi ku duka ba. Yaron nan yana da wa'adi, famfon rani in ya iso bayan an gama dashen tumatir da albasa ya zama kayan baɗi. Fitar da kaya a kan bon shi ma yana da layinsa a Legas, ba wai daga jirgi sai hanyar Arewa ba. Wanda yake da amintaccen ejan a Apapa, kuma takardunsa sun cika, yana iya riga na Kakuri isowa. Na taɓa barin kwantenar yadi ta yi jiran takardar bon har kuɗin kwana ya cinye rabin ribar. Ba na hana shi, amma ya sa wannan a ma'auni.

Malam Shehu Ejan: Ban musa ba, Alhaji Garba. Shi ya sa nake cewa a yi cinikin kwanakin kyauta tun wajen kama gurbi a jirgi. Wurare biyu ne ke ƙirga maka kwana, Nura. Kamfanin jirgi yana ƙirga kwanakin da akwatinsa ya yi a hannunka, masu filin tasha kuma suna ƙirga na ajiya. Na farkon ba ya tsayawa sai ka mayar da kwantenar fanko inda suka ce, kuma sai a lokacin za ka nemi kuɗin jinginar da suka riƙe maka. Ɗan Arewa ya fi kowa cutuwa a nan, tunda zuwa da dawowa kaɗai sun cinye kwanakin. Ka roƙi ƙari, ka kuma tambaya ko za su karɓi fankon a Kaduna.

Isiyaku Direba: Yallaɓai Nura, ga ta bakin masu sitiyari. Tun da aka kawo tsarin kiran motoci na Eto a 2021, mota ba ta shiga tasha sai an kira ta, cunkoson Apapa ya ragu a kan na da, lokacin da muke kwana a kan gada har mako ya zagayo. Amma hanya tana nan yadda take. Daga Ibadan zuwa Ilori, Jebba, Mokwa, sannan mutum ya zaɓa, ko Tegina da Birnin Gwari, ko ya zagaya ta Bida da Lambata ya ɓullo Tafa. Yawancinmu zagayen muke yi saboda tsaro. In za ka yi ciniki da mai mota, ka tambaye shi ƙarara: kuɗin nan har da mayar da fanko? Domin man da zan ƙona in koma da akwatin da babu komai a ciki, a wuyanka yake, ko an faɗa maka ko ba a faɗa ba. Kuma ka yi inshorar hanya, farantan nan gilashi ne.

Baba Idi, tsohon ma'aikacin reluwe: 'Ya'yana, ina karanta ku raina yana sosuwa. Aikin da Isiyaku yake bayani, na jirgin ƙasa ne. Tun 1912 dogo ya haɗa Legas da Kano, kuma Zariya ce mahaɗa. Daga nan reshe ya tafi Funtuwa, Gusau har Ƙauran Namoda, daga nan kuma ƙaramin dogo ya hau Jos kafin a rufe shi a 1957. Sabon Garin da kuke kasuwanci a ciki, tasha ce ta haife shi. Audugar Funtuwa, gyaɗa, fatu da ƙiraga, duk ta gaban idonmu suke wucewa zuwa Apapa, taragu kuma su dawo da gishiri, kananzir da siminti. Ba mu san tarago ya koma wayam ba. In aka ce tashar tsandauri amma tirela ce ke kawo kowace kwantena, to an yi rabin aiki ne.

Malama Rukayya, Samaru: Allah ya ƙara lafiya Baba. Abin da ya rage shi ne haɗa sabon dogon. Na Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, na Legas zuwa Ibadan a 2021 kuma ya shiga har cikin tashar Apapa, amma tsakanin Ibadan da Abuja babu. Na Kaduna zuwa Kano, wanda zai ratsa ta nan, ana kan aikinsa. Saboda haka Nura, duk wanda ya ce maka jirgin ƙasa zai kawo kwantenarka, ka tambaye shi yaushe na ƙarshe ya iso, kada ka gina lissafinka a kan alkawari.

Ku lura kuma da inda Allah ya ajiye mu. Kakuri a kudu, tashar Dala da ke Zawaciki a Kano wadda aka buɗe a Janairun 2023 a arewa, ga ta Funtuwa da aka buɗe a 2024. Uku ne suka kewaye Zariya, ɗan kasuwarmu yana da zaɓi, ya tambayi farashin kowacce. Ga NITT a hanyar Basawa da ke koyar da harkar sufuri da jigilar kaya, matasanmu su leƙa su tambayi gajerun kwasa-kwasai. Aikin ejan, na sito, na injin ɗaga kwantena, duk abinci ne da ke tafiya hannun wasu.

Hajiya Asabe Mai Riɗi: Nura ɗana, fankon da ke damun Isiyaku ni shi nake nema. Mu masu fitar da kaya wahalarmu ita ce samun kwantena a nan Arewa. Sai mu loda buhunan riɗi da busasshiyar citta a buɗaɗɗiyar mota har Legas, a sauke, a sake lodawa, buhu ya yage, ruwa ya taɓa wani, mai saye a Turkiyya ko Japan ya rage farashi. In na sami akwati a Kaduna, a gabana za a zuba wajen tan 19 na riɗi a ƙafa ashirin, jami'ai su duba, a buga hatimi, shi ke nan. Kai an rage maka kuɗin komawa, ni an rage min na tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sharaɗin dai kamfanin jirgin ya zama wanda nake da gurbi a wurinsa.

Kuma ba kowace kwantena nake karɓa ba. Shiga nake yi da kaina, in sa yaro ya rufe ƙofa. In na ga ɗigon haske ko ɗaya a rufi, akwai huda, ruwan teku zai shiga. Sannan in sunkuya in shinshina katakon ƙasa, in akwai warin fenti ko na magani na fasa, don riɗi yana ɗaukar wari. Taku ta famfo ce, ina sa ran tsaf take.

Nura Mai Famfo: Hajiya, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. In mutum yana son ya fara fitarwa shi ma fa?

Hajiya Asabe Mai Riɗi: Rajistar kamfani, sai shedar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya, sai fom ɗin fitar da kaya na NXP a banki, kuma kuɗin da aka biya ka dole su dawo ta bankin cikin kwana 180. Amma tsabtar kaya ta fi takarda wuya. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana busasshen wakenmu shiga saboda maganin ƙwarin da ake zuba masa a rumbu. Cittar Kachiya da Kwoi kuma cutar 2023 ta yi mata mummunar ɓarna, samun mai kyau sai da sanayya. Ka fara zama kusa da ni ka ga kaka ɗaya tukuna.

Mamman Ɗan Maraɗi: Ku sa mu a lissafi, 'yan'uwa. Nijar ba ta da teku, a da yawancin kayanmu ta tashar Kwatano ta ƙasar Benin suke biyowa. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023, sai da kaya suka koma zagayawa daga Lome ta Burkina, shinkafa da magani suka yi tsada a kasuwa. Alhali Kano tana nan kusa da mu. In dogon Kano zuwa Maraɗi ya kammala, kuma aka daina rufe iyaka kamar yadda aka yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da yawanmu a Zawaciki ko Funtuwa za mu riƙa ɗaukar kaya, mu kawo muku wake, albasa da dabbobi.

Alhaji Garba: Allah ya nuna mana. Nura, ka nemi farashi biyu a rubuce, na Apapa har ƙofar shagonka, da na Kakuri har ƙofar shagonka, kowanne da kwanakinsa. In tazarar kwanakin ba ta wuce mako ba, ni ma na yarda ka bi Kaduna, musamman in maganar Hajiya ta tabbata.

Nura Mai Famfo: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau zan rubuta wa mai kamfani kada ya yi lodi sai Fom M ta fito.

Malam Shehu Ejan: Turo min takardar farashin da ya ba ka in duba lambar kowane kaya, don famfo da faranti da batir ba layi ɗaya suke ba a littafin haraji. In akwai batir a ciki ka faɗa min tun yanzu, jirgi yana da ƙa'idarsa daban a kansu. Hajiya, wane kamfanin jirgi kike da gurbi a wurinsa a watan da zai iso?

Hajiya Asabe Mai Riɗi: Zan duba in tura muku da yamma. Nura, ka biyo ta sitona ranar Alhamis bayan la'asar, ka zo da takardun.