Wai dafin maciji muke haɗiya? Daga zauren Hausawan Legas

Baban Khalifa, Agege: Jama'a na gaji. Tunda likita ya ɗora ni a kan maganin hawan jini enalapril busasshen tari ya hana ni barci, har maƙwabci na buga min bango. Ɗana kuma ya ce a jikin ɓera aka fara gwada irinsu, wai ma asalinsu dafin maciji ne. To mu ɓeraye ne?

Mai Kemis, Mile 12: Alhaji, an san dangin wannan magani da tari. Ka koma a canja maka, kada ka daina da kanka. Ɓerayen ma ba na kwata ba ne. A Kyoto ta Japan, masu bincike Okamoto da Aoki suka yi ta haɗa ɓeraye masu hawan jini barbara har a 1963 suka samu zuri'ar da ke gadon ciwon. Shi enalapril ba ya wani aiki sai hanta ta juya shi zuwa enalaprilat. Losartan kuwa, wani maganin hawan jinin, abin da hanta ke fitarwa daga gare shi, EXP3174, ya fi shi ƙarfi ninki 10 zuwa 40. Ɓera na yin wannan juyin na losartan, kare kuwa ɗan kaɗan yake yi, shi ya sa ba a tsayawa kan dabba ɗaya kafin a kai ga mutum.

Hajiyar Idi-Araba: Dakata ɗana. Dafi fa ya ce! Ka tsallake shi.

Mai Kemis: Hajiya, babu ko ɗigo a ƙwayar. A Brazil wani mai bincike, Sergio Ferreira, ya gano wani sinadari a dafin macijin jararaka mai taimakawa wajen saukar da jini, aka kwaikwayi aikinsa aka haɗa captopril, ɗan dangin enalapril, a ɗakin bincike. Amurka ta amince da shi a 1981.

Direban Apapa: Kwaikwayon dafi ai dafi ne. Ɗan maciji ba ya zama igiya.

Malamin Islamiyya, Obalende: Dafi daban, guba daban. Dafi sai an sara ko an harba. Wanda ya haɗiya, guba ya sha.

Direban Apapa: Allah gafarta Malam, kibiya mai dafi cizo take yi?

Malamin Islamiyya: Ai na ce ko an harba. Ka riƙa karantawa kafin ka yi rubutu.

Sarkin Zoɓo, Alaba Rago (shugaban zaure): Mai Kemis dole ya kare kasuwarsa. Kakanninmu zoɓo da tafarnuwa suka sani.

Mai Kemis: Kai kuma buhunan da ke rumfarka sadaka kake rabawa? An yi gwaji a kan mutanenmu ma: binciken CREOLE na 2019, likita Dike Ojji na Abuja ya jagoranta, ya nuna haɗin magungunan hawan jini da ke da amlodipine ya fi saukar da jinin baƙar fata.

Hajiyar Idi-Araba: Amlodipine ɗin da ya kumbura min ƙafa har takalmin biki ya ƙi shiga?

Direban Apapa: 'Yan Mile 12 kullum sun fi kowa sani. Ku fara biyan kuɗin gyaran masallaci tukuna.

Baban Khalifa: Ni dai har yanzu tari nake.

Sarkin Zoɓo: To na rufe. Abin da aka cimma: Mai Kemis da bakinsa ya amsa akwai maciji a lamarin, da ɓera, har da kare. Mai son zoɓo busasshe ya same ni ta gefe.