Muhawara: Shin sauya rigar Giardia ya toshe hanyar riga-kafi?

Dakta Bala: Ni a ganina neman riga-kafin Giardia, ƙwayar cutar hanji mai sa zawo, wahalar banza ce. Jikinta lulluɓe yake da furotin da ake kira VSP, kamar riga. Tana da ƙwayoyin gado wajen 200 na wannan furotin, amma ɗaya tal take sawa a lokaci guda, kuma duk bayan rabuwa biyu (hayayyafarta) sau 6 zuwa 13 sai wasu daga cikin ƙwayoyin cutar su sauya riga. Kafin IgA, furotin ɗin garkuwar jiki na hanji, ya gama gane rigar farko, masu sabuwar riga sun cika wurin.

Malama Hauwa: Dakta, lissafinka daidai ne, hukuncin ne ban yarda da shi ba. A 2008 Hugo Luján da abokan aikinsa a Ajantina sun nuna yadda abin yake: ƙwayar tana kwafo saƙon RNA (umarnin ƙera furotin) na VSP da yawa, sai ta lalata su duka ban da ɗaya. Da suka daƙile Dicer ko RdRP, furotin ɗin da ke wannan aikin lalatawa, sai ga ƙwaya guda ɗauke da riguna barkatai. A 2010 aka tace furotin ɗin aka ɗura wa ɓerayen jabil ta baki, suka samu kariya. Ta baki ya yiwu ne saboda VSP cike yake da sistayin, wani tubalin ginin furotin, don haka ruwan ciki da sinadaran narkar da abinci ba sa saurin cinye shi.

Dakta Bala: Ɓera dai ba mutum ba ne, Malama. Kuma rukunin A da rukunin B na Giardia, masu kama ɗan Adam, kowanne da tarin VSP nasa.

Malam Isa: Wannan gyaran ya yi, sai an haɗa rukunan biyu a gwaji. Amma Dakta, ka ɗauka gudun garkuwar jiki kaɗai ke sa ta sauya. Ko a kwalbar ɗakin bincike, inda babu garkuwa sam, tana sauyawa. Haka ma idan ta shiga ƙwanso, ɓawon da take yaɗuwa a cikinsa, ta fito.

Malama Hauwa: Shi ya sa ake duba ƙwanson kansa. Furotin ɗin bangonsa, CWP2, ba ya wannan sauye-sauyen, kuma an gwada shi a ɓeraye, ya rage ƙwanson da ke fita a bayan gida. Ƙwanso 10 ma na iya kama mutum, don haka rage su ba ƙaramin abu ba ne.

Dakta Bala: Wannan rage yaɗuwa ce. Wanda ya riga ya haɗiyi ƙwanson fa, me zai hana shi zawo?